Buga Littafi Gwargwadon Buƙata: Yadda Malami Zai Zaɓi Maɗaba'ar da Aljihunsa Zai Iya Ɗauka

Jawabin da kwamitin ilimi na reshe ya gabatar a babban taron 'yan ƙungiya



An ɗora wa kwamitinmu nauyin yin bayani a kan wata tambaya da ta yawaita a bakin 'yan ƙungiya. Malami ya rubuta littafi, babu kamfanin wallafa da ya karɓa, yana so ya fitar da kansa, to ina zai kai aikin da ba zai durƙusar da shi ba? Mun san da yawa daga cikinmu akwai rubutu a ƙasan akwati. Wani ya tara darussan lissafi na shekara ashirin, wata ta rubuta ƙagaggen labari a lokutan hutu, wani kuma ya tattara tarihin garinsu daga bakin dattawan da yanzu ƙasa ta rufe idonsu. Irin wannan rubutu amana ne, kuma takarda ba ta jiran mai ita ya shirya: gara da damina suna nan suna aikinsu.

Sana'ar nan tamu ce tun asali. Gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933, wadda Rupert East ya shirya daga Zariya, malaman makaranta ne suka ɗaga tutarta. Abubakar Imam yana koyarwa a Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana malanta a Bauchi ya rubuta Shaihu Umar. A wancan zamani hukuma ce ke ɗaukar nauyin bugu, daga Hukumar Talifi zuwa Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, har zuwa NNPC a 1966. Da ƙarfin kamfanonin ya ja baya a shekarun 1980, sai marubuta irin su Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka nuna cewa mutum zai iya kai rubutunsa maɗaba'a da kansa, ya kuma sami masu karatu. Saboda haka wallafa da kai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Abin da ya sauya shi ne tsadar takarda da kuma irin na'urorin da ake bugu da su.

Za mu fara da abin da ya sa muka ɗauki wannan batu da muhimmanci. Wani abokin aikinmu, wanda ba za mu ambaci sunansa ba, ya karɓi garatutinsa bayan jira mai tsawo, ya yanki kaso mai tsoka ya kai wa wata maɗaba'a. Mai maɗaba'ar ya ce masa in ya buga kwafi 1,000 kowane kwafi zai zo masa da sauƙi, kuma ba ƙarya ya faɗa ba. Aka buga, aka kawo a kwalaye. Sai bayan an buɗe aka ga duk inda ƙ ko ɗ ya kamata ya fito, wani ɗan akwati ne ya zauna a gurbinsa. Ya raba abin da ya raba, ya sayar da abin da bai taka kara ya karya ba, saura na nan jibge a ɗakin zaure. Da muka kai masa ziyara, bai yi mana kukan kuɗin ba. Cewa ya yi kunyar nuna wa ɗalibansa littafin yake ji. Wannan jawabi mun shirya shi ne domin kada hakan ta sake faɗa wa wani a cikinmu.

Bugu iri biyu ne. Na farko shi ne tsohon tsari, wanda ake fara ɗaukar hoton kowane shafi a kan faranti, a ɗora farantin a kan inji, sannan a saki takarda. Kuɗin faranti da na saita inji ɗaya ne, ko kwafi 50 za a buga ko 5,000. Don haka ne yawan bugu ke sauƙaƙa farashin kowane kwafi. Na biyu shi ne bugun dijital, inda na'ura ke karɓar littafin kai tsaye daga kwamfuta ta fitar da shi ba tare da faranti ba. A nan farashin kwafi na farko da na ɗari kusan ɗaya ne. A kan wannan na biyun aka gina abin da muke kira bugu gwargwadon buƙata: ana ajiye littafin a kwamfuta, ba a buga kwafi sai an sami mai so.

Ga lissafi na misali, alƙaluman kuma namu ne domin fahimta kawai, kowa ya sa na kasuwarsa a gurbinsu. A ce tsohon tsari yana cin naira 300,000 na faranti da saiti, da naira 700 a kan kowane kwafi. Kwafi 1,000 zai tashi naira miliyan ɗaya, wato naira 1,000 kowanne. A ce bugun dijital kuma naira 2,200 ne kwafi ɗaya. Da ganin farko, na biyun ya ninka na farkon har da ɗoriya. To amma idan kwafi 150 kawai aka iya sayarwa daga cikin dubun nan, kowane kwafin da ya fita ya ci wa marubuci fiye da naira 6,600. Wanda ya buga 150 ɗin ta hanyar dijital kuwa naira 330,000 ya kashe, sauran kuɗinsa na aljihunsa. A wannan misali hanyoyin biyu suna yin kunnen doki ne a kwafi 200. Ƙasa da haka dijital ta fi sauƙi, sama da haka faranti ya fi. Saboda haka tambayar farko da malami zai yi wa kansa ita ce: kwafi nawa na tabbata zan sayar a cikin wata shida? A ƙidaya waɗanda za su biya kuɗi kawai, a cire masu cewa Allah ya sanya albarka su miƙo hannu.

Yanzu mu dubi masu yin wannan aiki. Akwai manyan kamfanonin waje, akwai kuma maɗaba'un gida.

A cikin na waje, uku ne sunansu ya fi yawo. Kindle Direct Publishing, wanda aka fi sani da KDP, na kamfanin Amazon ne, kuma a 2018 ya haɗiye CreateSpace wanda a da shi ke buga littattafan takarda. IngramSpark, wanda aka buɗe a 2013, reshe ne na Ingram, babban dillalin littattafai na Amurka, kuma ƙarfinsa shi ne sanya littafi a kundin da shagunan littattafai da ɗakunan karatu ke yin oda daga ciki. Lulu kuma tun 2002 yake, ya kuma dace da wanda ke son 'yan kwafi ko yake son sayarwa kai tsaye. A KDP da Lulu ba a biyan kuɗin ɗora littafi, IngramSpark ma ya soke kuɗin ɗorawa a 2023. Wannan shi ke jan hankalin mutane, har a ce ai kyauta ne.

Mu bi kuɗin mu ga inda yake zuwa. A jadawalin farashin da KDP ya fitar a 2023, littafi mai baƙin rubutu da matsakaicin girma, mai shafi 200, yana cin dala 3.40 wajen bugawa a Amurka. Idan aka sa masa farashin dala 10, rabon marubuci kashi 60 cikin ɗari ne, wato dala 6, a cire kuɗin bugu, saura dala 2.60. Da yake babu yarjejeniyar haraji tsakanin Nijeriya da Amurka, ana riƙe kashi 30 cikin ɗari na abin da aka samu a kasuwar Amurka, sai a bar marubuci da dala 1.82. Wannan ma sai kimanin kwana 60 bayan ƙarshen watan da aka yi cinikin za a biya, kuma marubutan Nijeriya da dama sai sun bi ta kamfanonin tura kuɗi irin su Payoneer kafin kuɗin ya iso, su ma da nasu ladan. Tun daga tsakiyar 2025 kuma, littafin da farashinsa bai kai dala 9.99 ba kashi 50 ake ba mai shi.

Babbar matsalar ma tana wajen sufuri. Injinan KDP suna Amurka da Turai da Japan da Kanada da Ostareliya. Malamin da ke son kwafi 40 domin ɗalibansa zai biya kuɗin bugu da dala, ya biya kuɗin jirgi da dala, wanda sau da yawa yakan fi kuɗin bugun, sannan ya jira makonni. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, kowa a zauren nan ya san abin da dala ke nufi ga mai albashin malanta. Haka kuma kowane kamfani yana da jerin harsunan da yake karɓa, na KDP ya fi karkata ga harsunan Turai, don haka mai littafin Hausa ya fara duba jerin kafin ya ɓata dare yana shirya fayil.

Hukuncinmu a kan kamfanonin waje shi ne: suna da amfani ga wanda masu karatunsa ke waje. Wanda ya rubuta littafin koyar da Hausa ga baƙi, ko nazari da Ingilishi da jami'o'in ƙetare za su nema, ko littafin yara domin 'ya'yan Hausawa mazauna Ingila da Amurka, wannan hanya za ta kai littafinsa inda ƙafarsa ba za ta taka ba, ba tare da ya zuba jari ba. Wanda kuwa masu karatunsa ke cikin ƙaramar hukumarsa, ya nemi maɗaba'ar gida.

A Kano da Kaduna da Zariya da Jos da Abuja, da unguwar Shomolu ta Legas wadda ta shahara da harkar ɗab'i, akwai maɗaba'u masu na'urorin dijital da za su buga kwafi 20 ko 50 su ɗaure. Ba duka ke kiran abin da suna na musamman ba, amma aikin ɗaya ne: su ajiye fayil ɗinka, ka kira su duk lokacin da kwafi ya ƙare. Farashinsu yana hawa da sauka da dala, domin masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa, yawancin takardar da ake bugu da ita daga waje take zuwa. Duk da haka, da naira za ka biya, babu kuɗin jirgi, kuma idan aiki ya ɓaci kana iya zuwa ka tsaya a gaban mai shi.

Ga abubuwan da muke ba da shawarar a auna kowace maɗaba'a da su, ta gida ce ko ta waje.

Na farko, a nemi farashi a rubuce daga wurare uku aƙalla, kuma a ba su bayani iri ɗaya: girman littafi, yawan shafuka, nauyin takarda, irin bango, irin ɗauri, da yawan kwafi. Idan ba a yi haka ba, wani zai ba ka farashin takarda mai giram 60 wadda rubutun baya ke leƙowa ta gaba, ka ɗauka ya fi mai giram 80 sauƙi. Girman A5 ya fi dacewa da yawancin littattafanmu a maɗaba'un gida, domin yana fita daga takarda ba tare da asarar gefe ba. A tambaya kuma ko farashin ya haɗa da leda a kan bango da kuɗin kawowa, da kuma kwana nawa farashin zai tsaya kafin ya canza.

Na biyu, kada a biya cikon kuɗi sai an riƙe kwafin gwaji a hannu. A karanta shi daga bango zuwa bango. A buɗe shi sosai a tsakiya a ga ko gam ɗin zai riƙe, domin littafin da zai shiga jakar ɗalibi wahala zai sha. Littafi mai 'yan shafuka ɗauri da waya ya fi masa sauƙi da ƙarko. Sai an gwada akan san na ƙwarai, maɗaba'ar da ta ƙi yin gwaji kuwa ta riga ta ba ka amsa.

Na uku, haruffanmu masu ƙugiya: ɓ da ɗ da ƙ. Abin da ya faru da abokin aikinmu ya faru ne domin ya miƙa rubutun a fayil ɗin Word, kwamfutar maɗaba'a kuma ba ta da irin zubin haruffan da ya yi amfani da shi. Maganin abin shi ne a mayar da littafin PDF tare da cusa zubin haruffan a cikinsa, sannan a buɗe shi a wata kwamfuta daban a tabbatar. Hotuna su kasance masu kaifin ɗigo 300 a kowane inci, bango kuma a bar masa rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. A guji launi a cikin littafi sai inda ya zama dole, domin shafi mai launi yana ninka farashi.

Na huɗu, lambar littafi ta duniya, wato ISBN, mai alƙaluma 13. A Nijeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita. KDP yana ba da tasa kyauta, amma ba za ka iya ɗaukarta ka kai wani wuri ba, kuma ba sunanka zai fito a matsayin mawallafi ba. Wasu maɗaba'un gida ma sukan manna wa littafi lamba daga cikin nasu, wani lokaci har lambar da wani littafin ya riga ya ɗauka. Wanda ke son littafinsa ya zama nasa ya nemi lambarsa da kansa. Doka kuma ta wajabta wa mawallafi mai zaman kansa ya ajiye kwafi uku a Babban Ɗakin Karatun, wannan ma kariya ce gare shi, domin shaida ce ta cewa littafin ya wanzu.

Na biyar, haƙƙin mallaka. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana ba marubuci haƙƙin aikinsa tun daga lokacin da ya rubuta shi. Mai bugu ɗan kwangila ne, an biya shi ya buga, ba shi da rabo a littafin. A rubuta yarjejeniya ko da ta shafi ɗaya ce: kwafi nawa za a buga, ba za a ƙara ko ɗaya ba sai da izini, kuma fayil ɗin ƙarshe na ciki da na bango mallakar marubuci ne, za a ba shi kwafinsu. Rufewar dandalin OkadaBooks a ƙarshen 2023 ta koya wa marubutan ƙasar nan cewa kamfani na iya naɗe tabarmarsa a kowane lokaci. Wanda ya riƙe fayil ɗinsa a wuri biyu ko uku, gobe sai ya kai wani wurin.

Na shida, a yi hattara da masu sayar da buri. Akwai masu kiran kansu mawallafa, a gida da waje, da za su yaba littafinka tun ba su karanta ba, su nemi kuɗi mai yawa da alkawarin kai shi kasuwannin duniya. Sau da yawa abin da suke yi bai wuce ɗora shi a dandalin da kai ma za ka iya ɗorawa kyauta ba, kuma a asusunsu, ta yadda kuɗin ciniki su zai riƙa zuwa wa. Mawallafi na gaskiya shi ke zuba kuɗinsa a littafinka. Wanda ka biya kuwa ma'aikacinka ne, sai ya faɗa maka dalla-dalla aikin da zai yi da farashin kowanne.

Akwai wurin da ba mu yarda a yi tsimi ba, shi ne gyaran rubutu. Na'ura abin da aka ba ta take fitarwa, ba ta san inda aka haɗe kalmomin da ya kamata a raba ba. Kuskure a littafin malami ya fi na kowa muni, domin yara za su haddace shi a matsayin daidai. Araha ba ta ado. Alherin bugu kaɗan-kaɗan a nan shi ne, idan an ga kuskure a kwafi 30 na farko, sai a gyara fayil kafin a buga na gaba.

Dole kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya a kan sayarwa. Bai halatta malami ya tilasta wa ɗalibansa sayen littafinsa ba, ko ya ɗaura makin jarrabawa a kan saye. Yin haka zubar da mutuncin sana'a ne, kuma ƙungiya ba za ta tsaya wa mai yin sa ba. Littafin da ake so ya shiga aji yana da hanyarsa: ya dace da manhajar da hukumar NERDC ta tsara, a kuma gabatar da shi ga ma'aikatar ilimi ta jiha domin tantancewa. Idan ya sami shiga jerin littattafan da aka amince da su, a lokacin ne bugun dubbai ta hanyar faranti zai zama hikima, domin an riga an san masu saye.

A ƙarshe, kwamiti yana gabatar wa wannan taro shawarwari uku. Ɗaya, a kafa ƙaramin zauren duba rubutu daga cikin malamanmu na Hausa da Ingilishi da Larabci, kowane littafi ya bi ta hannun mutum biyu kafin ya tafi maɗaba'a. Biyu, mu riƙa haɗa ayyukanmu mu kai wa maɗaba'a ɗaya a lokaci ɗaya, domin mai littafi biyar a hannu ya fi mai ɗaya bakin ciniki, hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka. Uku, asusun taimakon juna na reshe ya duba yiwuwar ba da ƙaramin rance da bai wuce kuɗin kwafi 50 ba, a biya daga ciniki, kada kowa ya sake taɓa garatutinsa ko kuɗin makarantar 'ya'yansa saboda littafi.

Ga iyalanmu da za su karanta wannan a mujallar reshe, muna roƙon ku da ku tambayi malam ko malama abin da ke cikin akwatin nan, ku kuma taya su buga shi a kwamfuta, domin 'ya'yanmu sun fi mu saurin hannu. Duk mai rubutu a ajiye, ko an kammala ko ba a kammala ba, ya miƙa sunansa da sunan littafin ga sakataren kwamiti kafin taro na gaba, domin mu san yawan aikin da ke gabanmu mu fara neman farashi.

 Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu haɗin kai, ya sanya albarka a alƙalumanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.